Ƙyallen Gogo Ma'u

Duk wanda ya bi hanyar Kutawa zuwa Dutsin-Ma a shekarun nan na gab da samun mulkin kai ya san Gogo Ma'u, ko da bai san sunanta ba. Bafulatana ce doguwa, siririya, ƙwarya uku a ka, tafiya take kamar wadda aka aika kiran ungozoma. Shekarunta ba wanda ya sani, har ita kanta. Ta dai ce tana da wayo sarai lokacin da aka ce Nasara sun shigo Katsina, sai kowa ya yi nasa lissafin.

Sa'o'inta duk sun zauna. Waɗansu ƙafa ta ƙi, waɗansu baya ya lanƙwashe, waɗansu kuwa 'ya'ya ne suka zaunar da su don gata, gatan ya zame musu turke. Ita Gogo cewa take zama ne ke yi wa tsufa shimfiɗa. Ba ta cin taba, ba ta shafa fure a haƙori, goro ɓari guda ya ishe ta yini. Tuwo kuwa loma biyar shida ta tsame hannu, ko da miyar ta sha man shanu. In aka ce ta ƙara sai ta ce, "Cikin nawa ne, ni zan ɗauke shi har Dutsin-Ma."

Amma abin da aka fi saninta da shi, aka kuma fi yi mata dariya a kai, shi ne ƙyalle. Wani ɗan yankin farin alawayyo ne, kullum yana soke a ƙugunta. Ba ta kai ruwa baki sai ta shimfiɗa shi a bakin ƙoƙo ta tace, kamar yadda take tace madara in an kawo daga tatsa. Matan kasuwa har suna suka sa mata, wai Gogo Mai Rariya. In ta ji sai ta taɓe baki ta ci gaba da dama furarta.

Ba haka kawai ta tsiro da abin ba. Mijinta Alu kurkunu ne ya yi ajalinsa. Wata damina ya fito masa a gwiwa, shi kuwa ga shanu ga gona, ya ƙagu ya tashi. Ya finciki tsutsar ta tsinke a ciki, gwiwa ta kumbura kamar tulu. Aka kira wanzami ya yi masa sakiya da jan ƙarfe. Bayan kwana tara haƙoransa suka sarƙe, ko ruwa ba ya wucewa, aka rufe shi ran na goma sha ɗaya. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, Fulani ba su yi. Amma abin ya zauna mata a zuciya daram.

Bayan shekara biyu wani duba-gari ya tsaya a kasuwar Dutsin-Ma yana wa'azin tsabta. Ya ce kurkunu ba a jini yake ba, ba jifa ba ne, ba taka sawu ba ne. A ruwan tafki ake shan ƙwayarsa bana, ya fito baɗi. Ya ce a riƙa tacewa, wanda kuma ya fito masa kada ya tsoma ƙafa a tafki. Mutane suka bushe da dariya, wani mahauci ya ce to shanu wa zai tace musu? Ita kaɗai ta tashi ta nufi rumfar masu yadi. A ranta cewa ta yi, madarar da zan sayar wa wani ma ina tace ta, sai ruwan da zan zuba wa cikina? Tun daga ranar shekara tara kurkunu bai san hanyar ƙafarta ba, alhali kowace damina sai ya kwantar da rabin rugar.

Babban ɗanta Hamma, wanda ke riƙe da gidan, bai taɓa son tallar nan ba. Gani yake zagi ne a gare shi a ce ga shi da garke, uwarsa na yawo da ƙwarya.

"Inna, mutane na hwaɗin na kasa riƙe ki," in ji shi wata rana.

"Mutanen za su ara mani ƙahwa in tawa ta mutu?"

"To mu yi magana guda. Ran da ciwo ya kwantar da ke, kin aje ƙwaryar ga ke nan."

"In ya kwantar da ni na kasa tashi da ƙahwata, na aje," in ji ta. Ta faɗa ne da ƙarfin zuciya, don ta san abin da ke soke a ƙugunta.

Sai daminar da ta biyo bayan samun mulkin kai, autarta Kulu da ke aure a Tamawa ta yi haihuwa ta uku. Gogo ta yi sammako ta tafi suna a ƙafa. Ta isa rana ta take, maƙogwaro ya bushe, tsakar gida cike da mata. Uwar mijin Kulu, wata dattijiya mai ji da kanta da ake kira Dada, ita da kanta ta taso ta ɗebo ruwa a randa cikin sabon ƙoƙo, ta durƙusa ta miƙa mata da hannu biyu. Wannan ba ƙaramar girmamawa ba ce.

Gogo ta duba ruwan. Ja-ja-ja ne, na tafki, ko tambaya babu. Hannunta na hagu ya kai ƙugu, ta taɓa ƙyallen. Ta ɗaga ido ta ga mata sun zuba mata ido, labarin Mai Rariya ya riga ta isowa. Can bakin ɗaki ga Kulu da jariri a cinya, ta sunkuyar da kai. Gogo ta san abin da fito da ƙyallen nan ke nufi. Cewa ne ruwan gidanku ƙazanta ne, a gaban dangi, ranar suna, ga surukar da ta durƙusa mata. Ita za ta koma Kutawa gobe, Kulu ce za ta zauna da maganar har ta tsufa.

Ta saki ƙyallen. Ta ce bismilla, ta kafa kai ta shanye tas, don a bar saura ma wata magana ce.

"Sannu da hanya," in ji Dada, fuskarta ta washe.

"Yawwa, ruwa ya yi daɗi," in ji Gogo. Ƙarya ta farko ke nan da ta yi a gidan suruki, ta kuma ji ɗacinta har wuya.

To, ciwon da ka san ranar shigarsa ba ka san ta fitarsa ba ya fi kowane ciwo cin rai. Ba ta gaya wa kowa ba. Kaka ta zo aka yi girbi, tana tallarta. Rani ya zo ya wuce. Kullum da safe kafin ta naɗa gammo sai ta zauna bayan bukka ta bi ƙafafunta da yatsa, daga gwiwa har tafin sawu, tana laluben abin da ba ta son samu. Ko sauro ya cije ta sai gabanta ya faɗi. Wani lokaci ta ce ai ƙoƙo guda ne, Allah na tsarewa. Wani lokaci ta tuna Alu ma ba tulu ya shanye ba. Haushin kanta take ji ƙwarai, shekara tara tana gini, kunyar minti guda ta sa ta bar ƙofa a buɗe.

Ruwan shuka ya sauka, aka yi noman fari. Ta fara cewa ko ta tsira. Sai wata Laraba a kan hanyar dawowa ta ji idon sawunta na dama na zafi kamar an ɗora garwashi. Ta sauke ƙwarya a gindin wata tsamiya ta duba. Ga ɗan ƙurji ya taso, ya yi ruwa. Kusa da wurin akwai kududdufi, sanyinsa har kiranta yake, kowa ya san ba abin da ke kwantar da zugin nan kamar a tsoma ƙafa. Ta daɗe tana kallonsa. Ta tuna makiyaya a nan suke sha, ta ɗauki ƙwaryarta ta ƙarasa gida tana ɗingishi.

Bayan kwana uku ƙurjin ya fashe, farin kan tsutsar ya leƙo kamar zare. Hamma ya tsaya a kanta, tsoro da tausayi sun cika shi.

"Inna, ke da ƙyallenki?"

"Ba laihin ƙyalle ba ne. Ni na bar shi a ƙugu."

Ta sa aka kawo tsinke mai santsi ta naɗe kan tsutsar, ta ɗaure da zare. Kullum da hantsi a tafasa mata ruwa, ta wanke wurin, ta murza tsinken a hankali. Wata rana a samu kamar tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko rabin haka babu. Da ta ji ya yi tauri sai ta tsaya. Ruwan wankin kuwa can bayan gari take sa a zubar a kan yashi, nesa da tafki.

Cikin mako na uku ƙafar ta kumbura har ƙwauri, zazzaɓi ya rufe ta, tsutsar ta ƙi motsi kwana huɗu. Ran na biyar da azahar sai ga Hamma da Mamuda wanzami, zabirarsa a kafaɗa. Kafin a gama gaisawa har an sa ƙarfe a wuta.

"Gogo, sakiya guda ce, ruwan ya hita ki huta," in ji Mamuda.

"Mai da ƙarhenka zabira, Mamuda."

"Inna, ki bari a yi maki magani!" in ji Hamma. "Ƙahwar ga ruɓewa za ta yi."

"Kana nan aka yi ma ubanka. Kai ka riƙe mashi kahwaɗa."

Ita kanta a lokacin ba ta da tabbas. Tana jin zugin har cikin ƙwaƙwalwa, wata zuciyar na ce mata ta miƙa ƙafar a yi ta ƙare. Ta dubi ƙarfen ya yi jajir, ta dubi tsinken da ke ɗaure a sawunta. Ta ja zane ta rufe ƙafar, ta ce, "Kunya ta sa na sha. Ba za ta sa in miƙa ƙahwa ba. Mamuda, ka yi haƙuri da wahalar da aka ba ka." Mamuda ya tattara kayansa ya fita yana girgiza kai.

Kashegari da hantsi ta kama tsinken. Ta murza kaɗan. Tsutsar ta miƙe ta yi siriri kamar za ta tsinke. Ta sassauta, ta zuba ruwan ɗumi, ta jira har inuwa ta gusa. Ta sake murzawa, sai ta ji ta biyo.

Kwana arba'in da bakwai ta yi a ƙasa. Ko a cikinsu ba ta yarda ta sandare ba, kullum sai ta dafa sanda ta zagaya bukka sau uku tana cije leɓe. Ran da wutsiyar ta fito, tsawon tsutsar ya haura kamu ɗaya. Bayan mako biyu ta naɗa gammo. Hamma ya tare ƙofa.

"Mun yi magana, Inna. Ciwo ya kwantar da ke."

"Cewa na yi in na kasa tashi da ƙahwata. Wa ya ɗaga ni?"

Ya dube ta tsaye cir, ya matsa gefe. Amma ba Dutsin-Ma ta nufa ba, hanyar Tamawa ta kama.

Ta tarar da gidan ba yadda ta bar shi ba. Mijin Kulu na kwance a zaure da tsinke biyu a ƙafa, gonarsa ciyawa ta cinye. Jaririn bara, Abdulƙadir, ya fara tafiya, yana riƙe da bakin randa yana miƙa hannu ga moɗa. Da ta ga haka sai ta ji duk sauran kunyar da ta taho da ita ta zube.

Dada ta taso kamar bara, ta ɗebo ruwa, ta durƙusa ta miƙa. Maƙwabta biyu uku na tsaye suna sussuka. Gogo ta karɓi ƙoƙon ta ajiye a ƙasa. Ta sa hannu a ƙugu ta zaro ƙyallen ta warware shi. Kulu ta dafe ƙirji.

Fuskar Dada ta canza. "Ruwan namu ne bai yi maki ba?"

Gogo ta ɗage zane ta nuna idon sawunta, ga tabo baƙi kamar an ɗana wuta.

"Ga ruwanki na bara, Dada. Na ji kunyarki na sha, ban hwaɗa maki gaskiya ba, laihina ne ba naki ba. Ni tsohuwa ce, na tashi da ƙyar. Wancan na zaure ɗanki ne. Wanga kuwa," ta nuna yaron, "namu ne mu biyu."

Taɓaren maƙwabta suka tsaya. Gogo ta jawo wata ƙwarya da ke kife ta buɗe, ta miƙa wa Dada bakin ƙyallen.

"Riƙe mani nan, in zuba."

Dada ta dubi ƙyallen, ta dubi matan da ke kallonta. Hannun Gogo na nan a miƙe, ya fara gajiya, ba ta janye ba. Daga zaure aka ji nishin mai ciwo. Yaron ya saki randa ya taho yana tangaɗi, ya kama ƙoƙon da ke ƙasa da hannu biyu zai kai baki.

Dada ce ta riga kowa. Ta fizge ƙoƙon daga hannunsa har ruwan ya fantsama mata a zane. Yaron ya tsala kuka. Ta daɗe riƙe da ƙoƙon, sannan ta miƙa wa Gogo, ta kama bakin ƙyallen da hannu biyu ta ja shi ya miƙe a kan ƙwaryar.

"Zuba a hankali," in ji ta. "Shi za a hwara ba."