Sun Kulle Kayan Ya Falmata a Cikin Gilashi

Bana shekara shida ke nan da muka rasa yayata, Falmata. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. Na san yadda ake rubuta irin wannan: a yabi mamaci, a gode wa waɗanda suka riƙe amanarsa, a rufe da addu'a. Addu'ar zan yi. Godiyar ce ba ni da ita bana, kuma ba zan ƙirƙiro ta ba don kawai a ce ina da kunya.

Sunana Yagana, ni ce ƙanwarta. A aji huɗu na firamare na tsaya. Hausa ina karantawa a hankali, ina rubutawa a hankali, Turanci kuwa sai dai in kalli bakin mai yi. Ya Falmata ce ta yi karatu a gidanmu, har ta gama kwalejin horon malamai. Aikin gwamnati bai samu ba, sai ta fara tara yaran maƙwabta a tsakar gidan aurenta a unguwar Hausari, ƙarƙashin bishiyar maina, irin waɗanda ba su isa shiga firamare ba. A wurinta na zauna kafin a yi mini aure, don haka duk abin da zan faɗa da idona na gani.

Ba ta da kayan koyarwa na saye. Ni take aika in bi gida-gida ina roƙon silifa da ta tsinke, mata suna yi mini dariya, wasu su ce ko yayar tawa ta fara sana'ar bola ne. Ta wanke su tas, ta sa reza ta yanka haruffa manya-manya, yadda yaro zai riƙe a hannu ya juya. Murfin kwalba muke tarawa a tsohon gwangwanin madara, da 'ya'yan tsamiya, da ƙwallon dabino, duk don ƙirga. Ta feƙe kara ta yi mota da gado. Ta kwaɓa yumɓu, kowane yaro ya gina saniyarsa, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya yadda ake kiran saniya a gidansu. Wannan ya faɗa da Ngizimanci, wancan da Bolanci, ɗan Fulani ya faɗi nasa yana hura hanci don shi ne mai shanun gaske. Ba ta taɓa ba yaro fensir ba sai ya gaji da zana harafi da yatsa a cikin yashi.

Gidan nan ba ya shiru. Haruffa su ɓace, akuya ta tauna, wani ya sa a aljihu ya tafi da shi gida. Ni abin yana ƙona mini rai, don ni ce mai yawon neman silifa. Wata rana na kawo ƙara cewa an karya motar kara da ta ɓata yini tana yi. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Yagana, in kin ga abu ya yi wata yana nan sabo, to ban iya yinsa ba ne, yara ba su so shi ba." Ba waliyyiya ba ce. Da manya tana da saurin fushi, kuma tuwonta ya sha ƙonewa tana can durƙushe cikin yara. Amma ban taɓa ganin ta daki hannun yaro don ya taɓa wani abu ba.

Ciwon da ya ɗauke ta bai daɗe ba. Bayan rasuwarta mijinta, Malam Bukar, ya gina makarantar kuɗi a unguwar Dogo Tebo, ya sa sunanta a babban allo a bakin ƙofa. Ranar buɗewa mun yi kuka, mun sa masa albarka. Da ɗana Modu ya haura shekara uku, Malam Bukar da kansa ya ce a kawo shi, ba zai karɓi ko sisi ba, har mai napep ɗin da ke kwaso yara ya ce ya riƙa biyowa ta gidanmu. Na faɗi wannan don kada a ce na ɓoye alherinsa. Kuma wannan alherin ne ya ɗaure mini baki tsawon lokaci.

Modu yaro ne mai surutu, ko in ce ya kasance. Me ya sa kaza ba ta fitsari, ina rana take kwana, tambaya har sai kaina ya yi ciwo. Zango biyu da shigarsa makarantar, sai na lura gidan ya yi tsit. Kullum ya dawo da aikin gida, shafi guda cike da lambobi a ce ya kwafa, yaron da har yau bai iya sa maɓallin rigarsa ba. In ya riƙe fensir hannunsa rawa yake yi. Ya ce mini a aji Anti, malamarsu, ce ke damƙe hannun tana ja. Ya iya rera ƙirga da Turanci kamar waƙa, babansa yana jin daɗi, har ya kira abokansa na kasuwar shanu a waya ya ce su saurara. Ni kuma wata rana na ajiye masa dabino uku a tabarma na ce nawa ne. Bai ko kalli dabinon ba. Ya ɗaga kai sama ya fara rerawa, ya wuce uku, ya wuce goma, yana ta tafiya. Ban yi karatu ba, amma na ga yaran Ya Falmata suna ƙirga, kuma da yatsa suke taɓa abin ɗaya-ɗaya.

To ina kayanta? Suna nan. A ofishin Malam Bukar akwai kabad mai gilashi, dogo har kusan rufi. A ciki aka jera haruffan silifa da suka rage, an wanke, an goge. Ga gwangwanin murafu, ga shanun yumɓu a layi, manya a baya ƙanana a gaba. A saman su kuma sababbin kayan wasa na roba masu launi da ya sayo, har yau suna cikin ledarsu. Duk matar da ta shiga ofishin nan ta san abin da take kallo. Jere ne, irin na ɗakin amarya. Ni ma ina da nawa a ɗaki, kwanukan da tun da aka kawo ni ba a taɓa zuba miya a ciki ba, sai dai in sauke in goge in mayar. Haka muka taso, abin da muke ji da shi ba ma amfani da shi, ajiyewa muke a gani. Sai ga shi an yi wa kayan koyon yara haka. In iyaye sun zo sa yaro, nan ake fara kai su, a nuna musu ta bayan gilashi, a ce ga irin kayan da muke da su. Makullin yana aljihun Malam Bukar. A cikin aji kuwa babu komai sai benci da allo da rula a hannun Anti.

Ana saura kwanaki a yi hutun nan da muke ciki, an buɗe kabad ɗin ana gogewa saboda za a yi baƙi. Modu yana jiran mai napep a bakin ofis. Ya shiga, ya ɗauki saniya ɗaya, ƙafarta ta ɓalle a hannunsa. Yumɓun da ya shekara shida a bushe, me ake jira? Anti ta sa gefen rula ta dake shi a gaɓoɓin yatsu, ta sa shi durƙuso hannu a sama. Ya dawo gida ya cusa hannun a hammata. Na zuba masa abinci ya ƙi ci. Da na janyo hannun na ga yatsun sun kumbura, na ce wa ya yi maka haka, sai ya ce, "Umma, ni ne na ɓata kayan Mama Falmata." Matar da bai taɓa gani ba. Abin da ya sani game da ita ke nan yanzu, cewa saboda ita ake dukan mutum.

Washegari na goya ƙanwar Modu na tafi makarantar. Malam Bukar ya tarbe ni da wasan da muka saba.

"A'a, Yagana 'yar rigima. Yau kuma da me aka zo mana?"

"Yaya, hannun Modu na zo a kai."

"Na ji, na kuma yi wa malamar faɗa, ta wuce gona da iri. Amma ke ma ki ja masa kunne. Kayan nan su ne abin da ya rage mini na marigayiya. In na sake wa yara, sati ɗaya sun gama da su."

"Ai don su gama da su ta yi su, Yaya."

Ya yi dariya ya gyara hula. "Ke ba ki san iyayen yanzu ba. Ba wanda zai biya kuɗi ɗansa ya koma gida da ƙasa a riga. Littafi suke buɗewa. In ba su ga rubutu ba, gobe sun kai shi wata makarantar."

Na ce to ya ba ni kayan in tafi da su gida, tunda ni na yi yawon silifar. Ya ce ba za a taɓa su ba. Na ce ko na robar nan a cire musu leda a kai aji. Sai ya ce, har yanzu da murmushinsa, "Yagana, ke da kika tsaya a aji huɗu, yau ke za ki koya mana yadda ake makaranta?"

Da wasa ya faɗa, kuma a gaban Anti ya faɗa. Na gyara goyona na fita, don ni ba zan yi kuka a gabanta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, akwai gaskiya a maganarsa game da iyaye. Na gan su. Mata suna haɗuwa a gidan suna, kowace tana fito da littafin ɗanta daga jaka tana nuna yawan shafukan da ya cika. Ana sa wa 'yan shekara biyar doguwar riga da hular kammala karatu a ɗauki hoto, yaro yana zufa yana hamma. In ya dawo gida ya dame su, a miƙa masa waya ya yi shiru. Ba wanda ke tambaya ko ya san ja da kore, ko zai iya raba goro biyar tsakaninsa da ƙaninsa. Mu muka nemi a cuci 'ya'yanmu, masu makaranta suka ce to. Amma sauran masu makaranta ba su rataya sunan yayata a ƙofa ba. Shi ya rataya. Ya zauna da ita shekaru, ya sha tsallake yara da yumɓu kafin ya kai ɗakinsa. Ba zai ce bai san yadda take yi ba.

Nakan tambayi kaina, da Ya Falmata za ta dawo ta tsaya a ofishin nan, me za ta yi? Na san ta. Ba za ta yi dogon bayani ba. Za ta miƙa hannu ta ce a ba ta makulli, in aka tsaya yi mata zancen iyayen yanzu, ta aika a ɗauko mata taɓarya. Sannan ta juyo kaina ta ce, ke kuma kina ina aka yi zango biyu ana jan hannun yaro?

Ina nan, tsoro ne ya riƙe ni, kuma har yanzu bai sake ni ba. Baban Modu ya ce in na cire shi ina zan kai shi, sauran makarantun duk haka suke, ga wannan kyauta ce, kuma ta gida. Ya ce shawara tana hannuna, amma kada gobe in zo ina kuka. Innarmu ta ce in rufa wa zumunci asiri, mutumin nan bai yar da mu ba bayan 'yarta ta rasu. Ni kuma abin da ke cin raina daban ne. In na zaunar da shi a gida, me zan koya masa? Haruffan Hausa da ƙirga zuwa inda na iya, shi ke nan. Ina tsoron ranar da zai girma wani ya yi masa dariya a ofis kamar yadda aka yi mini, ya waiwayo ya ce uwarsa ce ta jawo.

Kumburin ya saɓe tuni. Amma tun ranar nan Modu ya koyi wata sabuwar magana. Kafin ya ɗauki komai sai ya tsaya ya kalle ni ya ce, "Umma, in taɓa?" Ludayi, in taɓa. Takalmin ƙanwarsa, in taɓa. Shekaranjiya ruwa ya zuba a gindin randa, ƙasar wurin ta yi laushi. Na gan shi ya tsuguna yana kallonta, hannayensa biyu a bayansa, ya daɗe a haka. Sannan ya juyo ya tambaye ni. Ɗan shekara huɗu yana neman izini kafin ya taɓa ƙasar gidan ubansa. A nan na gama shawara. Abin da ban iya ba, wata rana wani malamin zai koya masa, firamare tana nan tana jiran ya kai. Amma yaron da aka koya wa tsoron hannunsa, ban san wanda zai gyara shi ba.

Idan aka tambaye ni me ya rage na Ya Falmata bayan shekara shida, ba zan nuna allon bakin ƙofa ba, fenti ne, rana tana cinsa. Ba zan nuna kabad ba. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma a wurin mutum irina ya maƙale, wadda ba ta iya karanta sakamakon jarrabawa: na san ƙarar gidan da yara ke koyo a cikinsa, kuma na san makarantar da ke ɗauke da sunanta ba ta da wannan ƙarar. Allah ya gafarta mata, ya sa abin da ta koya wa 'ya'yan mutane ya bi ta da lada.

Kai kuma Yaya Bukar, tunda a ofis aji huɗuna ya hana ka ji, ga shi a jarida, na san kana karantawa. Ranar da ka buɗe gilashin nan ka zube kayan a tabarma yara suka hau kai, ni da kaina zan riƙo hannun Modu in kawo maka shi, in durƙusa in ba ka haƙuri a gaban kowa. Kafin wannan ranar, in an dawo daga hutu, ka ce wa mai napep kada ya tsaya a ƙofar gidanmu.