Hawwa Mai Buntu

Duk wanda ya san injinan casar shinkafa na Kura ya san Hawwa Mai Buntu, ko da bai so ba, don muryarta kan riga ta isa wuri. Shekara ashirin tana kwasar buntu a bayan injin Alhaji Hambali. Da wannan ɓawon shinkafar take hura wutar gumi, wato turara shinkafa kafin a kai ta casa. Tokar kuma ta kai gonar albasar mijinta. Itace ya yi tsada, kuma ita ba ta taɓa sayen ko tsinke ba.

A 2006 Mudassiru, ɗan Alhaji, ya gama karatu ya zo da kwamfuta mai tsara aikin injin. Manhajar ta tambaye shi sunan duk abin da ke fitowa. Shinkafa ya ce kaya ce, dusa ma kaya. Da ya zo kan buntu sai ya ga gurbin abin da ake sake amfani da shi na neman a faɗi inda yake zuwa. Ganda ta hana shi fita ya tambaya, ya danna shara. Kwamfuta kuwa ba ta san kara ba, sai ta sa a riƙa turo tifa duk Asabar a kwashe a ƙone.

Ranar Asabar ɗin farko direban tifa ya tarar da Hawwa zaune daram a kan tsibin buntu, ta miƙe ƙafa.

"Iya, ki sauko," in ji Mudassiru. "Tsari ne, na'ura ce ta fitar."

"Na'urar ta taɓa hura wuta? Sai dai ku kwashe har da ni."

Tsoro take ji, wallahi, don in buntun nan ya tafi, murhunta ya mutu. Amma ko a fuska. Rana ta take, buntu ya shiga zaninta yana cizo, leburori suka jingine shebur suna kallo. Wa zai ɗaga uwar wani?

Da azahar Mudassiru ya gaji, ya ce ta zo ofis. Ta ce ofis ya zo. Haka ya dawo da takarda da biro, ya tsuguna a gindin tsibi.

"To ina buntun yake zuwa?"

Ta lissafo masa murhu goma sha ɗaya na matan unguwarsu, da tokar da ke komawa gona, da shinkafar gumin da ke dawowa injin ubansa.

"Iya, gurbi ɗaya ne, ba zai ɗauki duk wannan ba."

"To rubuta Hawwa."

Ya rubuta. Tifa ta juya wayam. Kwana uku jikin Hawwa na ƙaiƙayi, kuma ba wanda ya ga ta sosa.