Allurar Kawu da Aladun Turawa

Har yau idan na tuna ƙafar kawuna sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin nan kaina nake ji. Sauran rabin na raba wa wasu dattawa uku da ke layin 'yan hatsi a kasuwar Zuru, waɗanda har gobe suna yawo da ƙafafunsu bibbiyu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Gidanmu irin gidajen nan ne da ba sa ba kowa mamaki a wajenmu. Mama tana zuwa coci, shi kuma ya musulunta tun yana saurayi. Ranar Kirsimeti shi yake zuwa ya yanka mana kaji don ya samu ya ci, ranar Sallah mu kwashi kwanuka mu tafi gidansa. Mama tana kiwon aladu a bayan gida, da su ta yi mini makaranta. Shi ma da kiwonsu ya tashi a ƙauyenmu ta wajen Dabai, amma wannan magana ce da ba ya so a tayar. Mama kaɗai ke iya tsokanarsa da ita, ita ma sai in ba baƙo.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa. Da ƙwayoyi suka daina yi masa aiki, likita ya mai da shi kan allurar insulin, safe da yamma. Matarsa ko ganin allura ba ta iya yi, shi kuma idonsa ya fara hazo, don haka aikin ya faɗo kaina. Maganin ba ya son zafi, wutar lantarki kuwa a lokacin sai dai mu ji labarinta. Sai Mama ta binne ƙaramar tukunya cikin yashi a gindin randa, kullum da safe ta yayyafa wa yashin ruwa, kwalaben suna ciki a lulluɓe. Kawu zai biyo kafin ya wuce kasuwa, ya zauna a gindin mangwaro, ya juya wa shingen aladu baya, ya ɗaga riga. In ya tashi kasuwa ya sake biyowa. Shekara biyu muna haka, ko ciwon kai bai kwantar da shi ba.

A lokacin ban daɗe da fara koyar da ilimin halittu a wata sakandare ba, kaina kuwa ya fi ƙarfin wuyana. Wata Asabar na shiga shagon intanet neman abin da zan burge ɗalibai da shi, sai na ci karo da wani labari. Wai masana a ƙasashen waje sun taɓa ƙwayoyin gadon aladu da gangan, ta yadda aladun za su tashi da ciwon suga. Dalilinsu shi ne jikin alade ya yi kusa da na mutum, a girma, a ci, har a kayan ciki. A jikinsa za su ga yadda ciwon ke cin ido da ƙoda, su gwada magani kafin a kai ga ɗan Adam. Abin ya ɗaure mini kai, ya kuma yi mini daɗi. Na sa aka buga mini shi a takarda.

Da na wuce gida da takardar nan, da yanzu ba na wannan rubutu. Amma Mama ta aike ni karɓo dusa a rumfar Kawu. Na tarar da shi da maƙwabtansa uku suna hira, ciniki ya lafa. Maimakon in gaishe su in ɗauki dusata, sai na zaro takarda na buɗe musu aji. Na yi bayani, na ƙara da wanda ba a tambaye ni ba. Na ce, “Ai Kawu, har insulin ɗin nan, a da can daga cikin alade ake ciro ta.”

Mai rumfar da ke damansa, wani dogo mai jan gemu, ya tafa hannu ya ce, “Allahu akbar! Ashe Malam an baro alade a ƙauye, ya biyo ka ta allura!”

Suka kwashe da dariya. Ni ma, don wauta, na yi. Kawu ya yi murmushi ya ci gaba da share bakin mudu da tafin hannunsa. Da yamma bai biyo ba. Washegari ma Mama ta jiƙa yashi, na jira har na makara coci, babu shi.

Na je na same shi a gidansa. Na ce masa waccan tsohuwar hanya ce, ta yanzu a masana'anta ake haɗa ta, babu ko gashin alade a ciki. Na karanta masa takardar cikin kwalin maganin layi-layi. Ya ce, “To, ɗiyata, na ji.” Na yafa gyale, ni da matarsa muka je wurin limamin unguwarsu. Dattijon nan, Allah ya saka masa, ya taka har gida ya ce masa ko da akwai alade a ciki, lalura ce, addini bai ce mutum ya kashe kansa ba, balle babu. Kawu ya ce, “To, Malam, na ji.” Mama ta je ta wanke shi tas da yarenmu na C'lela, wanda sai ranta ya ɓaci sosai take juyawa gare shi. Ita ma “to” ɗin ta samu.

Sai daga baya na ji abin da ke faruwa a layin 'yan hatsi. Da zarar ya iso da safe, sai wani ya yi gurnanin alade ƙasa-ƙasa. In ya miƙa hannu a kwanon fura, sai a ce a bari a ga ko an yi masa allurar yau. Wasa ne wai. Dattawa masu jikoki, masu tabon salla a goshi, sun samu abin rage rana. Su ne kuma suka nuna masa mai maganin da ke zuwa ranar kasuwa da mota da lasifika, wanda jarka ɗaya tasa ke warkar da suga da basir da ciwon baya. Kawu ya dinga shan ruwan ɗacin nan kamar an ɗora masa.

Cikin wata biyu mutumin ya zube. Riga ta yi masa yawa, buta ba ta rabuwa da hannunsa, ya sha ya fita fitsari ya dawo ya sha. Ƙusa ta huda takalminsa ta shige tafin ƙafa, bai ma ji ba, sai da matarsa ta ga jini a tabarma. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da zuwa kasuwa. Ranar da aka kira ni, tun daga zaure wari ya tare ni.

A asibiti suka ce ƙafar ta mutu, sai an yanke ta ƙasa da gwiwa, kuma a kawo wanda zai ba da jini. Aka aika kasuwa. Ɗaya ya ce yana da hawan jini, ɗaya ya tafi Wasagu sayen dawa, mai jan gemu ya ce bai karya ba tukuna. Mama ce ta kwanta aka ɗiba, ita da ke kwasar kashin aladu kullum da hannunta. Ban ji wanda ya yi gurnani a kan wannan ba.

Bayan kwana uku sai ga su da ledar lemu, suna “Allah ya sa kaffara ne.” Na miƙe a tsakiyar ɗakin marasa lafiya na ce, “Baba, ku kwashe lemunku, mai suga ba ya sha. Ko dariyar ce ba ta ishe ku ba kuka biyo shi nan?” Mama ta mintsine ni har sai da wurin ya yi shati. Ba ta ce in ba su haƙuri ba, ni ma ban bayar ba.

Da suka fita, Kawu ya kira ni da hannu. Ya yi magana da C'lela, abin da rabon in ji a bakinsa tun ina ƙarama. Ya ce, “Na san babu alade a ciki. Tun ranar da kika karanta mini na sani. Shekara talatin ina zaune a layin nan kafin su manta ɗan gidan wa ne ni. Rana ɗaya kika tuna musu.”

Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Na so in ce masa mutanen da sai ka manta uwarka za su zauna da kai ba abokan zama ba ne. Na so in ce ya sayar da ƙafarsa don kada a yi masa dariya. Duk gaskiya ne, amma bakin da ya jawo abin ba shi da hurumin faɗa.

Bayan an sallame shi ya koma biyowa safe da yamma, yanzu a bayan kabu-kabu, ƙafar wando ɗaya a naɗe an kama ta da fil. Bai sake zama a kasuwa ba. Wata safiya ina zuƙo maganin daga kwalba, aladun Mama suna ta ihun yunwa a bayansa, sai ya ce, “Ɗiyata, aladun nan na Turawa masu suga, ana yi musu allurar?”

Na ce, “Waɗanda ake gwada magani a kansu ana yi musu, Kawu.”

“Ba fashi?”

“Ba fashi.”

Ya jinjina kai, ya dubi inda ƙafarsa take a da, ya ce, “To, su ba su da abokai.” Ya ɗaga riga, na soka masa.