Cinikin da Ba Ta San Ciniki Ba Ne

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga kai ɗaya bayan ɗaya, amma wannan lamari na tabbata ba zan manta da shi ba har in koma ga Ubangijina. Ya faru ne a shekarar da wutar lantarki ta fi gana mana azaba a Kumasi, lokacin da kalmar dumso, wato ɗauke wuta da kawo ta, ta shiga bakin babba da yaro, har masu sayar da ƙanƙara a unguwarmu ta Zongo suka koma sayar da kyandir.

Ni ban yi boko ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya koya mini Alƙur'ani da rubutun ajami a zaurensa tare da 'yan'uwana maza, kuma da wannan rubutu nake koyar da matan aure har yau. Bayan rasuwar mijina sai na riƙe sana'ar goro a ƙofar gida. To me zai haɗa irina da kamfanin kwamfuta?

Wani ɗan unguwarmu ne ya haɗa mu. Na san shi tun yana yawo ba wando. Mahaifinsa babban mai saukar da fatake ne a zamaninsa: baƙi daga arewa a gidansa suke sauka, shi yake raka su kasuwar goro, shi yake tsaya musu a ciniki. Ɗan ya yi karatu mai zurfi, ya buɗe ƙaramin kamfani a saman wani bene a Tafo, suna haɗa manhajar waya domin 'yan kasuwa. Ma'aikatansa Maigida suke ce masa, sunan da ake kiran ubansa da shi. Sun lura dattawanmu da yawa ba sa karanta boko amma suna karanta ajami, shi ne suka so saƙonnin su riƙa fita da ajami. Aikina kawai in zauna gaban allon kwamfutar in ce wannan harafi ya zauna daidai, wancan ya karkace.

Mutum biyu ne ke riƙe da aikin. Akwai wani matashi mai mata da 'ya'ya biyu, mai yawan barkwanci. Akwai kuma wata budurwa, marar yawan magana, wadda ita ce ta sha wahalar sa haruffan su haɗu da juna daga dama zuwa hagu. Makaranta ɗaya suka gama, lokaci ɗaya aka ɗauke su, teburinsu ma ɗaya. Marigayi mahaifin yarinyar aminin Maigida ne, don haka ita Baba take ce masa.

Ranar da na fara zuwa, janareta na ta ruri a ƙasan bene, Maigida ya zaunar da ni a gabansu ya faɗi abin da zai riƙa ba ni a wata. Ban ma yi tunani ba, bakina ya riga ni.

"Albarka," na ce.

Duk wanda ya taɓa sayar da ko albasa ya san wannan kalma. Mai saye ya taya, kai kuma ka ce albarka, wato kuɗin bai kai ba, a ƙara. Maigida ya fashe da dariya har yana buga tebur.

"Inna Malama, nan ma kasuwar goro ce?"

"Kai ka fara tayawa, ɗana."

Ya ƙara, na ce albarka. Ya sake ƙarawa, na ce na sallama. Ya share hawayen dariya ya ce rabonsa da ciniki mai daɗi haka tun ubansa na da rai. A cikin wannan raha ne na lura yarinyar nan ta daina danna madannai. Hannuwanta na kan tebur, idonta na kaina, kamar ta ga na ɗauki wuta da hannu.

Bayan mun yi azahar ni da ita a ɗan ɗakin ajiya, ta kwance ganyen shinkafa da wake ta turo mini, ita ba ta ci ba.

"Inna, dama ana iya cewa haka?"

"Cewa me?"

"Albarka. Ga babba."

Nan ta ba ni labari. Ranar da aka ɗauke ta, mahaifiyarta ta ja mata kunne cewa wannan mutum ubanta ne, kada ta ɗaga ido ta dube shi. Da ya faɗi albashi, sai ta durƙusa ta ce ta gode, Allah Ya saka da alheri. Shi kenan. Ba ta san cewa abin da ɗan mai saukar da fatake ya fara faɗa tayi ne kawai ba, kuma yana jiran a ƙi ne.

Da muka fito ta tsaya kan abokin aikinta ta tambaye shi nawa ake biyansa. A Zongo ya fi sauƙi a tambayi mutum shekarun uwarsa a kan a tambaye shi albashinsa.

"Kai, 'yar'uwa, wannan ai ba tambaya ba ce," ya ce yana dariya. "Ko matata sai dai ta yi hasashe."

"Ni ba matarka ba ce. Teburinmu ɗaya."

Ya ga ba wasa a fuskarta, sai ya sunkuyo ya faɗa mata a hankali. Nasa ya kusa ninka nata. Ya ce shi ranar ɗaukarsa ya ƙi tayin, ya sake ƙi, har ya miƙe kamar zai tafi aka kira shi. Ya ɗauka ita ma haka ta yi. Da ya ji nata, dariyar ta gudu daga fuskarsa, bai ƙara yin barkwanci ba ranar.

Kwanaki suka wuce tana ta aikinta. Ni kuwa da na bincika sai na gano ita ke ciyar da uwarta, ita ke biyan kuɗin makarantar ƙannenta. Da yamma takan sauka daga motar haya ta turoturo tun a wajen Manhyia ta ƙarasa gida a ƙasa, don ta rage kuɗin mota. Ta so ta bar aikin, amma uwarta ta ce barin aikin aminin uba yanke zumunci ne. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne wata magana da ta faɗa mini muna saukowa daga bene: "Inna, ko dai aikina ne bai kai nasa ba?" Ƙarancin kuɗin ya fara cin ta daga ciki.

Sai na shiga wurin Maigida na rufe ƙofa. Bai musa ba, bai kuma ji kunya ba, kuma gaskiya hujjojinsa ba na banza ba ne.

"Inna Malama, na taya, ta sallama. Na tilasta ta? Ke malama ce, ciniki ya ƙullu ko bai ƙullu ba? Sannan shi wancan mata da 'ya'ya yake ciyarwa. Ita gobe wani zai ɗauke ta ya ciyar da ita."

"Ka taɓa tambayar wa ke dafa tukunyar gidansu yau? Bar wannan ma. In mace ta kawo huhun goro, namiji ya kawo irinsa, mai saye yana tambayar wa ke da iyali kafin ya biya?"

Ya hau juya wayarsa, ni kuma na ci gaba.

"In baƙo ya sauka gidan ubanka bai san farashin gari ba, me ubanka yake yi?"

"Tsaya masa yake yi. Shi yake ce masa albarka."

"To ita wa ya tsaya mata ranar? Kai ne uba, kai ne kuma mai saye."

Ransa ya ɓaci. Ya ce kamfani ba zaure ba ne, shi ma bashi ya ci ya sayi janareta. Daga ƙarshe ya ce ba zai ƙara ko kwabo ba sai ta zo da bakinta ta ƙi tayinsa. Wai zai riƙa aika ta Akra wurin manyan 'yan kasuwa, in ba ta iya ce masa a'a ba, wa za ta iya cewa? Rabin maganar gaskiya ce, rabin kuma girman kai ne. Ina jin ya tabbata ba za ta iya ba.

Ni ma ban tabbata ba. Ranar Juma'a da la'asar na zaunar da ita a gaban faifan gorona na koma gefe. Wani tsoho ya zo ya taya farin goro da kuɗin da ko ƙwaya ɗaya ba zai saya ba. Injiniyarmu ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu! Tsohon ma sai da ya tsaya yana kallonta.

"'Yata, ba ki da lafiya ne? Ina mai goron?"

Muka yi dariya har ita. Na ce mata ta dubi tsohon nan da kyau: ba ya jin an raina shi in an ƙi tayinsa, raini a wurinsa shi ne a ƙi yin ciniki da shi. Kafin magariba ta ce wa mutum uku albarka, kuma ba wanda ya zage ta. Amma waɗannan baƙi ne. Ba su ɗauki gawar ubanta zuwa maƙabarta ba.

Ranar Litinin man janareta ya ƙare, wuta kuma babu, benen ya yi tsit har muna jin masu kiran fasinja a tasha. Yarinyar ta tashi ta shiga wurin Maigida, ta bar ƙofa a buɗe. Ta gaishe shi, ta ce ta zo ne a kan albashinta. Ya faɗi wani abu da ya ɗan ɗara na da. Na fara salati a zuciyata, don na ga gwiwarta ta soma lanƙwasa za ta durƙusa.

"Albarka, Baba."

Muryar ƙarama ce, amma ta fita. Ya ƙara. Ta sake cewa albarka, wannan karon ta ɗago kai.

"To nawa kike so?"

"Abin da kake ba abokin aikina."

Daga teburinsu matashin nan ya ɗaga murya: "Maigida, aikinmu ɗaya ne. Wallahi in na maƙale ma ita nake tambaya. Amma don Allah kada a rage nawa a cika nata, matata za ta kore ni."

Maigida ya yi dariyar dole, ya ce ya amince. Sai ta yi abin da ban koya mata ba. Ta ce, "Baba, na baya fa?" Fuskarsa ta ɗaure. Ya ce cinikin baya ya rufu, ba a tone shi. Ta ce ta gode, ta fito. Ta ci gaba da aiki da shi na wani lokaci, daga baya ta samu wuri a Akra ta tafi. Suna gaisawa da Sallah, amma gaisuwar ta zama irin ta maƙwabtan da ba su taɓa cin abinci tare ba.

Shekaru suka shuɗe. Da aka sake buɗe hanyar hajji bayan annobar korona, Maigida ya samu kujera. Al'adarmu ce mai tafiya Makka ya bi gida gida yana neman gafara, yana sauke haƙƙin mutane. Wata safiya sai ga shi a ƙofar gidana, furfura ta cika masa gemu. Ya ce ya ji yarinyar ta zo ganin uwarta, yana so in raka shi.

Da muka isa gidansu an shimfiɗa masa darduma, an kawo kujera, ya ƙi kujerar ya zauna a ƙasa. Ya ciro ambulan daga aljihun rigarsa ya ajiye a gabanta.

"'Yata, wannan ba kyauta ba ce, naki ne na baya. Ranar da na taya ki, na san tayi ne. Da kika durƙusa kika ce kin gode, daɗi na ji a raina, na ce na yi riba. Ribar nan a kan 'yar aminina na yi ta. Ba zan iya tsayawa da ita a gaban Ka'aba ba."

Ya ce yanzu a kamfaninsa kowane aiki da farashinsa ɗaya, ana faɗa wa mai nema tun kafin ya zauna, mace ko namiji. Uwarta na kuka a bakin ƙofa. Ita kuwa ba ta buɗe ambulan ɗin ba, ta dai ɗora hannunta a kai.

"Kin sallama?" ya tambaye ta.

Ta juyo ta dube ni, murmushi na wasa a gefen bakinta. "Inna, in ce?"

"Ke! Ki ji tsoron Allah, mutum zai hau jirgi."

Tsakar gidan ta ɗauki dariya, har uwar da hawayenta. Sannan ta durƙusa, irin durƙuson farko, amma yanzu idonta na cikin nasa.

"Na sallama, Baba. Na yafe. Allah Ya sa karɓaɓɓe ne."

Abin da wannan lamari ya koya mini shi ne, mu muke aika 'ya'yanmu maza kasuwa tun suna ƙanana su koyi ƙin tayi, mu kuma muke koya wa mata sunkuyar da kai su ce sun gode, sannan mu tura su aiki ɗaya mu yi mamakin bambancin abin da suke kawowa gida. Kunya abu ne mai kyau, ban daina koyar da ita ba, amma ba rangwame ba ce da mai biya zai cire daga ladan mutum. Shi ya sa duk yarinyar da ta sauke karatu a hannuna, kafin in sa mata albarka, sai ta yini a gaban faifan gorona ta koyi faɗin ta da bakinta.