Ƙulle-ƙullen Matar Yaya

Ka taɓa ƙirga minti nawa yaron da bai cika shekara biyu ba zai zauna a cinya kafin ya nemi sauka? Ni na ƙirga. Goma sha huɗu ne, in ka yi sa'a goma sha shida. A jirgin sama na yi ƙirgar, a layi na ashirin da uku, Yayana yana gefena da 'yarsa a cinya.

Yaya mai gyaran firji ne. Shekara goma sha tara yana shago ɗaya, mai ƙofa ɗaya, babu taga. Ba ya tambayar mai kaya abin da ya lalace. Kunne yake karawa a jikin firjin ya saurara, sannan ya miƙa hannu ya ɗauko sifana. Dama can shi ba mai magana ba ne. Matarsa, wadda nake kira Anti, ita ce bakin gidan. Malamar ajin ƙananan yara ce, kuma ita ta laƙaba mini Malama Ƙirgau. 'Yarsu kuwa Maɓalli muke ce mata, don duk wanda ya ɗauke ta sai ta tsinke masa na riga.

Sun shirya zuwa gaida mahaifiyar Anti, tafiyar awa biyu a jirgi. Saura mako uku, zazzaɓi ya kwantar da Anti. Kwana shida ta yi, ta rasu.

Yaya bai yi kuka a gabana ba. A kwana na takwas ya buɗe shago. Na ƙirga kalmominsa wata rana tun daga safe har ya rufe: talatin da ɗaya, goma sha biyu a ciki “to” ne. Maɓalli yakan sa ta cikin kwalin firji a lungun shago, ya shimfiɗa mata tawul. Ran nan ya juya ya tarar da ƙusa a bakinta. Ya sa yatsa ya ciro, ya daɗe yana kallon ƙusar. Washegari ya ce mini, “Auta, zan kai ta wurin kakarta. Can za ta zauna.”

Na ce zan raka shi. Ya ce to.

A bayan ƙofar ɗakinsu na ga jakar da Anti ta haɗa tun tana lafiya. Na zuge zif, sai ga ƙullin leda takwas, kowanne da lamba a jiki da rubutun hannunta. Ga wata takarda a sama: “Ɗaya duk bayan minti goma sha biyar. Kada a buɗe biyu tare, ko ta yi ihu.”

Haka muka bi. Na farko kwalbar ruwa ce, a ba ta ta tsotsa lokacin da jirgi zai tashi saboda toshewar kunne. Na biyu murafun kwalba uku. Ta jefar da su sau goma sha ɗaya, na sunkuya sau goma sha ɗaya. Na uku salatif ne. Ta liƙa wa ubanta a goshi, a hanci, a gemu. Bai cire ba. Idonsa yana kan agogo kawai.

Wani dattijo ne a bakin taga. Ya leƙo ya ce, “Maigida, ni ba za a ba ni ƙullina ba? Na fi ta iya zama shiru fa.”

Na ce, “Baba, ai kai ka wuce ajin.”

“Wa ya yi wannan dabara haka?”

“Uwarta,” in ji Yaya.

“Ita tana ina, ta bar ka da aiki?”

“Ba ta samu zuwa ba.”

Dattijon ya dubi fuskata, ya koma ya dubi taga. 

A ƙulli na biyar akwai cokali a cikin safa, da guntuwar takarda. Yaya ya warware, ni ma na karanta ta kafaɗarsa: “Daga nan Babanta zai karɓa, ni in ɗan yi barci.” Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba. Maɓalli tana ta ƙwanƙwasa cokali a tiren kujera. Ma'aikaciyar jirgi ta zo ta tambaye shi ko shayi ko ruwa, har sau biyu. Ni na amsa masa.

Mun sauka da ƙulli na takwas a hannunta. Kuka na minti tara kawai ta yi a tafiyar duka.

A falon Kaka, mahaifiyar Anti, na zauna a kan dardumar ƙasa ina miƙa kaya ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce wani abu ya ɓace. Riguna goma sha ɗaya, takalma ƙafa biyu, katin rigakafi, maganin tari. Yaya yana bakin kujera da sauran salatif a gemu. Na zazzage jakar jirgin, na ji akwai nauyi a ƙasa. Ashe akwai wani zif a ciki. Na zuge. Ƙulli takwas ne, daga tara zuwa goma sha shida, an ɗaure su da zare ɗaya. A jiki ta rubuta: “Na dawowa.”

Na jera su a kan tebur saboda ban san inda zan sa su ba. Ba kayan Kaka ba ne, ba kuma namu ba.

Kaka ta sa tabarau ta karanta. Ta ce, “Wannan yarinya, ko makaranta za ta tafi sai ta haɗa kayan dawowa.”

Babu wanda ya yi dariya. Firjin Kaka yana ta gurnani daga kicin. Yaya ya tashi ya shiga, muka ji ya ja shi daga bango. Minti ashirin da biyu ya yi. Da ya fito yana goge hannu a wando, ya tsaya a gaban teburin.

“Mama, ki yi haƙuri. Da Maɓalli zan koma.”

“Wa zai riƙe maka ita, kana cikin wayoyi da ƙusoshi?”

Kafin ya buɗe baki na riga na lissafa. Safiya uku a mako ba ni da aiki. Matar mai walda ta kusa da shagonsa ta taɓa cewa za ta karɓi biyu. Saura ɗaya cikin ranakun aikinsa shida, ya rufe shago rabin yini. Na faɗa musu haka.

Kaka ta ce, “Ke dai ba ki canza ba.” Ta tattara ƙullin ta mayar cikin jakar da hannunta.

Bayan kwana huɗu muka hau jirgi mu uku. Ƙulli na goma sha uku babu takarda a ciki irin ta na biyar, na ga Yaya ya duba sau biyu. Yanzu shagon yana da ƙaramin shinge na katako saboda Maɓalli, kuma kalmominsa sun kai sittin a rana.

In za ka hau jirgi da ƙaramin yaro, raba tsawon tafiyar da goma sha biyar, ka ɗaura ƙulli daidai adadin. Murfi, cokali, salatif, ba sai ka sayi komai ba. Ka haɗa har da na dawowa, ka rubuta a jiki yadda wani zai iya karantawa. Don Allah ka gwada.