Yatsan Inna

Shagon Mai Hoto ɗaki ɗaya ne tsakanin tela da mai gyaran agogo. Ba komai ciki sai shuɗin labule, kujerar katako, ƙaramin tebur, fitila mai lema, da tsohuwar kyamara a kan ƙafafu uku. A nan ya yi furfura, kuma bai taɓa sha'awar sana'ar wani ba.

Duk unguwa an san halinsa. Ba ya cewa a yi murmushi, don a ganinsa wanda aka ce ya shirya, fuskar aro yake ɗaurawa. Sai ya zaunar da kai, ya yi ta ƙunƙuni wai kyamara ta ƙi, ya ja ka da hirar ɗanka ko ciwon gwiwarka. Kana sakin jiki sai ka ji ƙyas.

"Haske kowa na iya koya," in ji shi. "Hoto mai kyau shi ne wanda naka zai gani ya ce, wallahi shi ne."

Mutum ɗaya ce ta gagare shi, matarsa. Ta san dabarunsa kamar yunwar cikinta. Da ta hau kujerar sai ta sandare, ta tsuke baki, ta zama wata baƙuwa.

Da aure ya kai autarsu gari mai nisa, ta roƙi hoton uwarta na ratayewa a ɗaki. Ya aika wanda ya fi tsafta. Ta bugo waya ta ce, "Baba, wannan matar kyakkyawa ce, amma ba Innata ba ce." Maganar ta yi masa ciwo, don ya san kewa ce ke cin yarinyar.

Ya lallaɓa matar ta sake zuwa shago. Ta ci kwalliya, ta ajiye sabon mayafinta a kan tebur, ta zauna ƙiƙam.

"Malam, kada ma ka fara zancen kyamara ta ƙi. Na san ka."

"To, ranki ya daɗe. Bari dai in goge gilashin."

Ya miƙa hannu ya ɗauki mayafin nan, ya hura wa gilashin iska, ya shiga gogewa hankalinsa kwance.

Ta zabura ta ɗaga yatsa, faɗa a baki, dariya na neman ƙwace mata. "Kai, Malam, mayafin nawa?"

Ƙyas.

Hoton ya fito a karkace, baki buɗe, yatsan ma bai fito sosai ba. Ta rantse sai ta yaga shi. Ya riga ta, ya aika.

Da hoton ya isa, autar ta bugo, muryarta na rawa tsakanin kuka da dariya.

"Baba, ina buɗe shi ban san lokacin da na gyara zama ba."

Mai Hoto ya miƙa wa matarsa wayar, ya koma ya ci gaba da shan shayinsa.