Gwangwanin Maganin Yaya Adiza

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Adiza, wadda mutanen layinmu a Moshi Zango suka sani da Adiza mai wake. Hawan jini ne ya ɗauke ta. Ta bar mini tukwanenta da ɗakinta da wani babban gwangwanin biskit, kuma a kan gwangwanin nan nake so in yi magana.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna da yawa. Duk wanda ya je asibiti ya samu sauƙi kafin maganinsa ya ƙare, sai ya kawo wa Yaya ragowar ta zuba a gwangwani. Wanda ciwo ya kama kuma sai ya ɗaga labulenta. Ba ta taɓa sayarwa ba. Ba ta yi karatu ba, da launi ta san su: fari babba na zazzaɓi, mai ja da rawaya na miki. Har makanikai masu dawowa daga Magazin sukan biyo da yankan ƙarfe a hannu. Za ta ba mutum ƙwaya, ta haɗa masa da koko, washegari ta bi shi har ƙofa ta ji yadda ya kwana. Bayan rasuwarta ma mutane ba su daina zuwa wajen gwangwanin ba.

'Yata Sakina ce mai karanta mata rubutun jikin kwali tun tana firamare. Yaya takan ce mini, "Ramatu, kada ki bar yarinyar nan ta ƙare a bakin murhu kamar mu. Karatun magani za ta yi, ta zo ta gaya mini sunayen 'ya'yan nan nawa."

Allah ya amsa. Sakina tana shekara ta biyu a makarantar da ake koyar da masu ba da magani a kemis da asibiti. Ni da na yi ajin manya ina iya riƙe mata littafi in yi mata tambaya, ko da sunayen suna karya mini harshe. A nan na ji cewa magani ɗaya yana da sunansa na asali da sunan da kamfani ya sa masa, mutum zai iya shan abu ɗaya sau biyu yana tsammanin iri biyu ne. Na ga tana lissafin abin da za a ba jariri bisa nauyinsa. Na ji zafin ɗaki ma yana kashe magani. Ta ce ko ta gama, ba ita ce mai rubuta magani ba, aikinta ta karanta takardar likita daidai, ta ba da abin da aka rubuta, ta yi wa mutum bayani har ya gane.

Da aka tura su koyon aiki a asibiti, ta dawo wata Asabar ta zazzage gwangwanin a kan tabarma. Ta daɗe tana warewa. Wasu kwanansu ya wuce tun Yaya tana da rai, wasu an yanke su daga jikin takardarsu, babu suna ko kaɗan.

Ta ce, "Mma, wannan ba za a ƙara ba kowa ba."

Na ce, "Na Yaya ne fa."

Ta ce, "Na sani, Mma. Ita ce ta aike ni in koyo."

Ta ƙulle su a leda ta kai inda asibiti ke lalata irinsu.

Ba a yi sati ba sai ga Mma Alima, maƙwabciyarmu, tsohuwar ƙawar Yaya, tana dafa gwiwa tana neman na ciwon jiki. Sakina ta ba ta kujera ta fara tambaya. Tun yaushe? Akwai wani maganin da take sha? Cikinta yana yi mata zafi? Mma Alima ta ce tana da olsa. Sakina ta ce to irin maganin da take nema yana iya fasa mata ciki, ta je likita ya duba ta.

Mma Alima ta miƙe ta ce, "Dokta, ni magani na zo nema, ban zo jarrabawa ba. Adiza ba ta taɓa tambayata tarihin cikina ba."

Daga ranar labulen ɗakinmu ya daina motsi. A bakin famfo ana gaishe ni a gajarce. Sakina ta koma makaranta, ni aka bari da gidan. Na yi ta tambayar kaina abin da Yaya za ta ce. Mace ce mai zafi, na san da ta yi wa yarinyar faɗan da za a ji har titi. Amma ita ce kuma ba ta iya barci idan yaron wani ya kwana da zazzaɓi. Da an nuna mata cewa ƙwayar da ta miƙa da hannunta tana iya kwantar da Alima, ban san ɓangaren da zai rinjaya a zuciyarta ba.

Watan jiya Mma Alima ta dawo, ta tabbatar Sakina ba ta nan. Ta rage murya ta ce, "Ramatu, ke ma gwiwa ke damunki. Na san an ba ki a asibiti. Biyu kawai."

Gaskiya ne, maganin yana ƙarƙashin matashina. Ni kuwa tun tasowata ban iya ce wa babba a'a ba, Yaya ce mai yi mini magana a ko'ina. Duk da haka na ce, "Mma, ba zan ba ki ba. Amma bari in ɗauko mayafina."

Na kashe wutar wake, muka kama hanyar asibiti. Tana gaba tana ɗingishi, ina biye, har muka zauna a layi. Can ta ce, "Da Adiza ce, da ta ba ni."

Na ce, "Da ta ba ki."

Da aka kira sunanta sai ta miƙo mini hannu in tashe ta.

Har yau ba ta huce da Sakina ba, kuma ba zan ce gidan ya koma yadda yake ba. Abin da Yaya ta sani game da magani kaɗan ne, wani ma kuskure ne, na yarda da wannan duk da yana yi mini ciwo in rubuta. Abin da ba ta yi kuskure a kai ba shi ne, mai ciwo ba a barin sa ya koma ɗaki shi kaɗai. Wannan ba ya cikin darussan Sakina, a ɗakin Yaya ta gan shi, ni ma a can na gan shi.

Allah ya yafe wa Adiza abin da ta ba mutane ba da sani ba, ya saka mata da niyyar da ta bayar da shi.